Neman Muryar Motarmu a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a tashar Magama ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ce, to Lawwali, ashe da gaske ne ka tsallaka iyaka da tsohuwa don kawai ka sayo salansa? Wasu da dariya suke tambaya, wasu da gaske. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk bakin da labarin ya shiga sai ya fito da ƙari, har na ji ana cewa wai tseren mota muka je ni da Goggo Abu. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi yadda ya faru, kowa ya huta.

Ni direba ne. Motar da nake ja ba tawa ba ce, ta jama'ar ƙauyenmu ce a yankin Gangara, tsohuwa mai dogon baya, an cire kujerun baya an shimfiɗa katifa. Aikinta ɗaukar marasa lafiya da mata masu naƙuda daga ƙananan unguwannin da ke warwatse cikin gonaki zuwa asibiti a Jibiya. Waya ba ta kamawa a yawancin wuraren, don haka safe da yamma nakan zagaya, mai mara lafiya ya fito da shi bakin hanya.

Kowa ya san halin da muke ciki da 'yan bindiga. A wajenmu da an ji ƙarar injin da ba a sani ba, ba a tsayawa ganin ko wane ne, sai a kwashi yara a faɗa cikin gero. Motarmu kaɗai ba a gudu, domin tana da wata murya tata da kowa ya sani, saboda salansar da marigayi Malam Isa, wanda ya ja ta kafin ni, ya sa aka ƙera mata a Maraɗi. To da damina ta yi nisa na faɗa wani rami a mashigin rafi, salansar ta rabe gida biyu. Na sa sabuwa a Jibiya, lafiyayya, mai ƙara irin ta kowace mota. Tun daga ranar na zama dodo. Ina shiga unguwa sai in tarar da tukunya a kan murhu, akuya tana kallona, babu mutum ko ɗaya. In danna oda, a banza, ai oda kowa yana da ita.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙanwata Hadiza. Tana aure a unguwar da ke can ƙarshen hanya, kusa da fadama, cikinta ya tsufa. Na fari a gida ta haife shi, bai zo da rai ba, ita ma da kyar aka samo kanta. Likita ya ce wannan karon kada a kuskura ta haihu a gida. Ni kuwa ga ni da mota, amma motar ita ce abin da za a ɗauke ta a gudu daga gare shi.

Goggo Abu, ungozomar garinmu, ita ta ce in ɗauko gawar tsohuwar salansar mu tafi wurin wanda ya yi ta. Na ce wannan ai aikin maza ne, ni kaɗai zan je in dawo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ka taɓa jin kukan motar ga?"

Na yi dariya, na ce kullum ina cikinta.

"To daga ciki kaka jin ta. Mu da muka jin ta daga nesa, mu munka san ta."

Lokacin da Malam Isa yake jan ta ina kudu ina tuƙa tifa, sai bayan rasuwarsa aka kira ni gida. Ban taɓa tsayawa a gona na ji ta tana zuwa ba. Goggo ta je ta duba Hadiza, ta ce akwai sauran lokaci amma ba mai yawa ba, muka kama hanya da sassafe.

A shingen Magama ba mu daɗe ba, duk an san ni. Sai da muka isa wajen jami'an Nijar aka ce in buɗe bayan mota. Wani jandarma dogo ya ɗaga buhu ya ga bututu mai tsatsa guda biyu a naɗe, nan take fuskarsa ta canza, ni ma da na sake kallon su sai na ga lallai sun yi kama da abin da yake zato, wato bindiga. Na shiga bayani. Bai saurare ni ba, ya ɗaga guda ya kai ido zai leƙa ciki, sai baƙin hayaƙin shekara da shekaru ya zubo masa a gaban riga. Na ce yau kam a nan za mu kwana. Goggo ta fito daga mota a hankali, ta kama bakin mayafinta tana kakkaɓe masa tana yi masa faɗa, wai yaro da girmansa bai san ba a leƙa abu ta ƙasa ba. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, shi ma ya kasa riƙewa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ce shi ma a irin wannan ƙauyen aka haife shi, ya kwatanta mana unguwar masu walda, ya ɗaga mana hannu.

Daga Ɗan Isa zuwa Maraɗi hanya ce ba mai faɗi ba, amma direbobinsu ba sa gaggawa irin tamu. Na yi ta ƙoƙarin wuce wata mota, mai ita ya matsa gefe ya miƙo hannu yana gaishe ni, sai na ji kunya na rage gudu. Ƙasar ɗaya ce, geron ɗaya, Hausar ma kusan tamu ce ta Jibiya, sai dai inda mu muke jefa Turanci su Faransanci suke jefawa. Sun faɗa mini sunan salansa da yarensu ya fi a ƙirga, har yau ban riƙe ba.

Mun sauka gidan Malam Illa, ɗan yayar Goggo, mai sana'ar kilishi. An karɓe mu kamar mun dawo daga Makka. Aka kawo dambun gero da zogale da man gyaɗa, ga kilishi ba a aunawa, ga wani dogon burodi mai tauri da suke ji da shi. Goggo ta gwada shi da haƙoran da suka rage mata, ta ajiye, ta ce wannan na dukan jaki ne, a ba ta fura. Shayinsu kuwa a 'yan ƙananan kofuna yake zuwa, zagaye bayan zagaye. Na shanye na farko na miƙe zan tafi nema, Malam Illa ya riƙe mini riga, ya ce ba a tashi a bar na biyu, kuma ma duk inda zan je yanzu an rufe, rana ta take, sai la'asar. Raina ya ɓaci, ina ganin ana ɓata mini lokaci, amma da na leƙa titi na ga ko kare ba ya yawo sai na koma na zauna. A zaure aka yi mini shimfiɗa, cikin ƙamshin yajin kilishi, atishawa kam na yi ta har na gode Allah.

Da la'asar muka sami garejin. Wanda ya yi salansarmu ya rasu, ɗansa Mamman Sani ne a wurin, mutum mai jiki, marar yawan magana, hannuwansa duk tabon wuta. Gabana ya faɗi da na ga abin da yake yi yanzu. Salansoshi ne rataye jere, suna ƙyalli kamar kwanukan amarya, ba irin tamu ba ko kaɗan. Abokan cinikinsa 'ya'yan manyan 'yan kasuwa ne masu gajerun motoci da cikinsu ya kusa taɓa ƙasa, suna cire salansar da mota ta zo da ita su sa wadda za ta ƙara mata ƙarfi da amo. Akwai wasunsu a zaune a kan benci, suka bi motarmu da kallo, wani ya tambaya ko gidan tarihi za mu kai ta.

Ɗaya daga cikinsu, Nasiru, ya taso ya gaida Goggo har ƙasa. Yaro ne mai fara'a, kuma in aka taɓo maganar salansa ba ya iya yin shiru. Shi ya zagaya da ni. Ya nuna mini wadda bututu ne miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da wata irin auduga da ba ta cin wuta, hayaƙi yana wucewa ba abin da ya tare shi, ya ce ita ta fi ba mota gudu kuma ta fi tsawa. Ya nuna mini mai ɗakuna, wadda aka yi wa bango-bango a cikin tukunyarta, hayaƙin sai ya yi ta kewaye kafin ya fita, muryarta ta yi kauri. Ya ce bututu mai faɗi gurnani yake yi, siriri kuwa tsiwa. Farin ƙarfe marar tsatsa amonsa kaifi gare shi, baƙin ƙarfe mai kauri yana danne ƙara. Akwai mai baki biyu, akwai ma wadda ake latsa maɓalli daga cikin mota ta buɗe ko ta rufe. Ni da na yi shekaru ina tuƙi, a wurina salansa bututun hayaƙi ce kawai, ranar na san fage ne guda.

Mamman Sani ya yanka tukunyar tsohuwar salansarmu ya buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce aikin babansa ne, ya gane ɗinkin waldar. Mai ɗakuna ce, an yi ta da baƙin ƙarfe mai kauri, an huda bangon tsakiya da hannu. Amma tsatsa ta cinye rabin bangon, ba a san ina hujin asali ya tsaya ba, ina na tsatsa ya fara. Ya ce zai iya yin irinta, muryar ce ba zai yi alkawari ba, domin shi bai taɓa jin ta ba. Na nuna masa Goggo, na ce ga wadda ta ji. Aka ce ta kwatanta. Ta ce kamar saniya ce tana kiran ɗanta, amma a ƙarshe akwai wani ɗan fito siriri. Sai kuma ta kumbura kumatu ta yi da bakinta. Samarin nan suka kwanta da dariya, ita ko a jikinta, ta sake yi.

Nasiru ne ya kawo shawarar a fita bayan gari washegari, inda suke gwada motocinsu a kan burji, a zaunar da Goggo nesa, a yi ta wucewa da motoci iri-iri har a gane dangin muryar. Na san wasa ne ya kai yawancinsu, sun sami abin dariya. Ban damu ba, in dai za a yi. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin wani gawo, ta juya wa hanya baya, ni da Nasiru muka tsaya kusa da ita, yana ba abokansa umarni ta waya.

Mai miƙaƙƙen bututu ta fara wucewa. Goggo ta ce wannan ko jaririn da ke ciki ya ji ta sai ya nemi wurin ɓuya. Mai baki biyu ta zo da gurnaninta, ta ce ta yi nauyi, kamar babbar mota cike da mutane, ba wanda zai tsaya. Mai siririn bututu ta zo, fuskar Goggo ta ɗaure, ta ce a kawar da ita, da babur take kama, kuma babur shi ne abin da muka fi tsoro. Da mai maɓalli ta wuce tana sauya murya a tsakiyar hanya, ta tambaya ko motoci biyu ne. Aka ce ɗaya ce. Ta ce to abin da ke da murya biyu ba a ba shi amanar mai ciki. Ana ta dariya, har ni.

Sai aka taho da motar Nasiru, wani abokinsa yana ja. Ita ce abin alfaharinsa, an gyara ta yadda in an saki totur take harbi, tas, tas, tas. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Da na waiga, Goggo tana kwance rub-da-ciki a kan tabarma, ta rufe kai da hannu, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garinmu. Ba ta yi ihu ba, mu ba ma ihu, an koya mana shiru. Dariyar ta ɗauke. Nasiru ya tsaya da waya a kunne, sannan ya ce wa abokinsa ya kashe motar. Ya durƙusa ya ɗaga ta, yana kakkaɓe mata ƙasa, idonsa ya kawo ruwa.

"Kaka, ki gahurta mani. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ka sani, ɗan nan? Allah shi sa kada ka sani."

Daga nan aikin ya daina zama wasa. Aka kawo mai ɗakuna, Goggo ta karkata kai, ta ce wannan danginsu ne, amma yarinya ce, tamu ta fi ta shekaru. Mamman Sani ya ce to an sami bakin zaren. Nasiru ya aika aka ɗauko wani baƙin ƙarfe mai kauri da ya ajiye don tasa motar, ya ce a yi da shi. Samarin da suka zo dariya su suka kwaso injin walda da janareta a motocinsu zuwa gindin gawon, aka mayar da wurin gareji. Mamman Sani ya haɗa tukunya ya bar gefe ɗaya da noti, yadda za a buɗe a ƙara huji a bangon tsakiya a mayar. A ɗaura, Nasiru ya ja motarmu can nesa ya taho, ni da Goggo mu saurara. Ta ce ta yi kauri, a buɗe a ƙara. Ta ce yanzu ta yi sanyi, a toshe guda. Ni duk iri ɗaya nake jin su, sai kallon rana nake yi ina tunanin Hadiza.

Muka yi azahar a wurin, wani ya kawo shinkafa da wake a babban faranti muka ci tare, masu kuɗi da mu. Bayan nan Goggo ta ce saniyar ta fito, fiton ne babu. Aka yi ta juyi, ba fito. Na ga Mamman Sani ya fara gajiya, ni kuma na fara cewa a raina ko haka nan ma mu tafi. Sai ya ɗauki wutsiyar tsohuwar salansar yana jujjuyawa, ya ga bakinta a lotse ta gefe ɗaya. Ya tambaya ko faɗuwata a rami ce ta yi haka. Na ce a'a, haka na gaje ta, an ce Malam Isa ne ya taɓa ja da baya ya daki kututture. Ya ɗauki guduma ya shiga ƙarƙashin mota, ya lotsa bakin sabuwar salansar da ya wuni yana gogewa.

Nasiru ya ja motar ya ɓace bayan wasu gonaki. Goggo tana zaune tana jan carbi, tana ba ni labarin wata mata da ba ta da alaƙa da komai. Can muka fara jin ta daga nesa. Ban ji wani bambanci ba. Sai na ga Goggo ta yanke labarin, ta miƙe tsaye, tana laluben gefen tabarma inda take ajiye jakar kayan aikinta in za a fita karɓar haihuwa. Jakar tana gidan Malam Illa. Sai da ta laluba ta rasa sannan ta tuna inda take, ta dube mu duka, ta koma ta zauna tana share ido. Samarin suka yi ta tafi, Mamman Sani kuwa ya juya baya ya shiga tattara kayansa.

Ban san yadda zan gode wa mutanen nan ba, har yanzu ban sani ba. Ba danginmu ba ne, ba ƙasarmu ɗaya ba a takarda, yawancinsu ko sunansu ban riƙe ba. Malam Illa ya cika mana mota da kilishi, Nasiru ya rako mu har bakin gari, a hankali, bai bar motarsa ta yi harbi ko sau ɗaya ba.

Washegari da hantsi muka tsallako. A Magama wani mai shayi ya tare ni, ya ce tun da safe ana cewa an ji babura ta wajen fadama, ba a tabbatar ba, amma mutane sun watse. Na dubi Goggo. Ta ce kada in tsaya gida, mu wuce kai tsaye.

Unguwannin da muka ratsa duk shiru. Ban san ko muryar ta yi ba, ko kuwa kunnen tsohuwa ne ya so ya ji abin da yake nema. Muka isa unguwar su Hadiza, ƙofofi a buɗe, turmi da taɓarya a yashe, gero ya fi mutum tsawo ta kowane gefe. Na tsaya ban kashe mota ba. Na taka totur na saki, na sake takawa. Babu motsi. Na ce Goggo, ba su gane ba. Ta ce in yi shiru in ci gaba.

Sai geron da ke gabas ya fara motsi. Mijinta ne ya fara fitowa, da wani maƙwabcinsu, suna ɗauke da ita a cikin bargo, mata suna biye. Tun asuba naƙuda ta kama ta, a cikin gona. Goggo ta haye baya tare da ita, na juya mota, ban taɓa jin hanyar Jibiya ta yi mini tsawo kamar ranar ba. Aiki aka yi mata, aka ciro 'ya mace, likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani.

Da aka bar ni na shiga, tana kwance ba ƙarfi, jaririyar a gefenta. Na ce sannu. Mijinta ya sunkuyar da kai, ya ce su da suka ji injin sun yanke shawarar a ƙara nutsawa cikin gona, har sun ɗaga ta. Hadiza ta juyo da kai a hankali.

"Na riƙe karan gero na ƙi saki. Na ce masu ku aje ni, wanga Yaya ne."